Ƙungiya Ɗaya Ce Ta Ɓata Mini

A unguwarmu babu ɗan caca ko ɗaya. Ka bi layi-layi kana tambaya, daga ƙofar masallacin Juma'a har teburin mai shayi, duk wanda ka tara zai ja da baya ya ce a'uzubillahi, ai wannan sai can Sabon Gari. Mu 'yan kallon ƙwallo ne kurum. Abin da har yau ba a warware mini ba shi ne yadda magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ko Kano Pillars bai taɓa shiga filin Sani Abacha ya kalla ba, zai hana idonsa barci har ƙarfe 2 na dare yana bibiyar wasan rukuni na biyu a ƙasar Birazil, yana ta salati a samu bugun kwana ɗaya tak kafin alƙali ya tashi wasa. Ka tambaye shi launin rigar ƙungiyar, sai ya ce maka shi dai yadda suke taka leda ne yake burge shi.

Da can gidan kallo yana da tsari. An san bencin 'yan Arsenal, an san na 'yan Manchester United, 'yan Chelsea suna gefe suna cika baki, Madrid da Barcelona kuwa ko gaisawa ba sa yi ranar da za su haɗu. Mutum a kan ƙungiyarsa yake rayuwa, a kanta yake hawan jini. Yanzu sai ka ga wanda ya laƙaba wa ɗansa Messi ya daka tsalle don Madrid ta ci, ya koma ya zauna yana waige-waige ko an gan shi. Wani kuma ƙungiyarsa tana cin 2 da nema amma fuskar nan a murtuke, don shi jira yake a rama mata guda. Idan ka ga mutum yana roƙon Allah a zura wa ƙungiyar da yake goyon baya, ba sai ka laluba aljihunsa ba.

Ranar da asirinmu ya fi tonuwa ita ce 22 ga Nuwamban 2022, da Saudiyya ta doke Ajantina 2 da 1 a gasar cin kofin duniya ta Katar. Messi ya fara ci da fenariti, aka tafi hutun rabin lokaci kowa na cewa magana ta ƙare. Ana dawowa Larabawa suka zura biyu cikin 'yan mintuna. Ƙasa mai tsarki fa, inda kowannenmu yake burin taka ƙafarsa, ita ce ta kayar da manyan duniya. Ka ɗauka layinmu zai kaure da kabbara. An yi kabbarar, amma 'yar siririya. Rabin masu kallo jiki a sanyaye suka fito, don kowa ya ɗora Ajantina a saman tikitinsa a matsayin wadda ba ta da tantama. Wani tela da aka tambaya abin da ya same shi cewa ya yi rana ce ta buge shi, alhali a cikin rumfa ya yi kallon.

Kuma in an sha ƙasa maganarmu ɗaya ce: "Wallahi ƙungiya ɗaya ce ta ɓata mini." Kullum ɗaya. Waɗanda ƙungiya biyar ko shida suka ɓata wa su ne suka fi yawa, amma su shiru suke yi, su dunƙule takarda su jefa kwata. Mai ƙungiya ɗayar shi ke yawo da tikiti yana nunawa: wasa 14 sun shiga, na 15 ya yanke a minti na 89, da yanzu yana da miliyan 3. Har rabon kuɗin ya gama a ransa, adaidaita sahu sabuwa fil, fili a bayan gari, kujerar Umara ga tsohuwa. Mu kuma mu kewaye shi muna jaje. "Kai, ka yi kusa fa. Gobe ma rana ce." Da wannan jajen namu muke mayar da shi.

Ana cikin haka sai ga labarin kotu. Akwai wani dattijo a majalisarmu da muke kira Lauya, ba don ya karanta shari'a ba, sai don ya daɗe yana masinja a kotun majistare, kuma tun da ya yi ritaya rediyo ba ta barin kunnensa. Shi ya zo da zancen. Ya gyara zama, ya ce a haɗa masa shayi ba sukari.

"Kun ji abin da Kotun Ƙoli ta yi kuwa? Ta soke dokar caca."

Mai shayi ya ajiye ludayi. "Alhamdulillahi. An hana ke nan, Baba?"

"Wa ya ce maka an hana? Ku yaran yanzu ba kwa bari a kai aya."

Ga yadda abin yake. A 2005, zamanin mulkin Obasanjo, majalisar tarayya ta yi dokar da ta kafa hukumar kula da caca ta ƙasa, wadda ta riƙa ba kamfanoni lasisi tana kuma karɓar kason gwamnati. Jihar Legas, inda akasarin kamfanonin suke zaune, ta ce ba ta san zancen ba, domin tsarin mulki bai lissafa caca cikin abubuwan da tarayya ke da hurumin yi wa doka ba. Ta shigar da ƙara a 2008. Shari'a ta yi ta jan ƙafa har shekara 16, sai ranar Juma'a 22 ga Nuwamban 2024 alƙalai 7 suka yanke cewa Legas ce da gaskiya: dokar ta tsaya a Abuja, kowace jiha ta yi tata. Ranar ta faɗo daidai shekara biyu cif da wasan Saudiyya, ko da yake ban ce alƙalan sun lura ba.

"Wato," in ji Lauya, "ba halattawa aka yi ba, ba kuma hanawa aka yi ba. Cewa aka yi kowa ya ji da gidansa. Legas ta ce tana so, a biya ta haraji. Kano in ta ga dama ta ce ba ta so, kuma ba mai zuwa ya ɗaga mata takardar Abuja."

Na'ibin limaminmu yana zaune, ya gyara rawani. "To ai mu mun daɗe da faɗar tamu. Tun shekarar 2000 aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan. Kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa giya da caca wuri guda ta hana. Ba sai mun jira alƙalan Abuja ba."

"Haka yake, Allah gafarta Malam." Kowa ya gyaɗa kai. Ina lura da masu gyaɗa kan, wasunsu sun kifa waya a cinya, don a daidai lokacin ana minti na 70 a wani wasa, kuma ba dama a duba a gaban Malam.

Kafin hukuncin, a Oktoban 2024, Hisba ta kai samame ta rufe shagunan caca kusan 30 a unguwa ɗaya, bisa ƙorafin iyaye da shugabannin unguwanni. Ta ce wasu shagunan da sunan wurin wasan kwamfuta aka buɗe su, daga baya suka rikiɗa. Mun yi murna, kuma murnar ta gaskiya ce. Ni ma ina cikin masu cewa a rufe. Shago a bakin layi, yaro ɗan shekara 13 an aike shi sayo magi ya ratse ya leƙa, ya ga yayyensa suna zare ido a gaban talabijin, wannan ba abin da za a zuba wa ido ba ne. Sai dai an sa kwaɗo a ƙofar shago, shagon kuwa tuni ya koma aljihu.

Ƙarancin takardun kuɗin da aka sha a farkon 2023, lokacin canjin Naira, shi ya koya wa kowa tiransifa. Mai kayan miya, mai faci, mai yankan farce, duk suka buɗe asusu a waya. Alheri ne, ba musu. Amma ta ƙofar da kuɗin cefane ke fita, ta nan kuɗin tikiti ke fita. Da, sai mutum ya wanke ƙafa ya tafi shago, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya ja hula ya rufe goshi, sannan ya faɗa ciki. Kunyar kada surukinsa ya hango shi ma kaɗai ta isa ta mayar da mutane da yawa gida. Yanzu yana sahun gaba a masallaci, a sallame, kafin ya gama laluben takalmi ya loda Naira 500. Lambobin tikiti suna ta yawo a WhatsApp da Telegram, a rukunonin da aka raɗa wa sunaye na mutunci, ga masu sayar da wasannin da suke rantsuwa an riga an shirya sakamakonsu, ba mai tambayar abin da ya hana su buga abinsu su yi arziki su huta. Ba kuma sai an jira Asabar ba. Akwai ƙwallon da kwamfuta ke bugawa da kanta, a gama cikin 'yan mintuna a sake sabo, dare da rana. Akwai ɗan jirgin nan da ke tashi kuɗi na ninkuwa, ka yi jinkirin cirewa ya ɓace da su. Wannan ko uzurin son ƙwallo babu a cikinsa.

Wata rana malamin lissafi na wata sakandare da ke zama da mu ya gaji da jin zancen miliyoyin da aka kusa ci. Ya ari biron mai shayi, ya yago bayan kwalin sukari.

"Ku ɗauki wasan da ƙarfi ya zo ɗaya, ko wannan ta ci ko waccan, rabi da rabi. In da adalci za a bi, wanda ya sa Naira 100 ya ci, 200 za a ba shi. To kamfani 190 zai bayar. Ni na sa 100 a wannan, kai ka sa 100 a waccan. Ya karɓi 200, ya biya ɗayanmu 190, ya soke 10. Ko wa ya ci, shi bai faɗi ba."

Yaron mai POS ya ce, "Malam, Naira 10 ai ba wani abu ba ce."

"A wasa ɗaya ke nan. Kai wasa nawa kake jerawa?"

Yaron ya ce shi wallahi ba ya yi, amma yana jin abokai suna jera 10. Aka kwashe da dariya.

"To, wasa 10 irin waɗannan, damar su shiga gaba ɗaya 1 ce cikin 1,024. In gaskiya za a biya, Naira 100 ta abokin naka 102,400 za ta haifa. Abin da za su rubuta masa a tikiti 61,000 ne da 'yan kai. Sauran 41,000 an yanke su tun ba a busa usur ba. Kuma wannan in ya ci ke nan, bayan ya faɗi wajen sau dubu. A irin wannan dogon tikiti, duk Naira ɗaya da ka sa, kwabo 60 ne ke dawowa wajen masu bugawa, 40 na kamfani ne. Shi ya sa suke ƙara garaɓasa ga mai dogon tikiti. Kun taɓa ganin ɗan kasuwa yana ba da gyara a kan hajar da yake faɗuwa?"

Wuri ya yi tsit, har ka ji tafasar tukunya. Can sai wani direban adaidaita ya muskuta ya ce, "To Malam, a naka ilimin, wasa nawa ya kamata mutum ya riƙa jerawa?"

Malam ya mayar wa mai shayi bironsa, ya ce sai da safe.

Inda muka fi ƙwarewa kuwa shi ne ranar da wani ya ci. Ba a shela, amma kowa zai sani. Sai ka ga yaron da jiya ya ci bashin shayi da burodi ya ce a soya wa kowa Indomie, ƙwai bibbiyu. Ba mai cewa daga ina. "Allah ya ƙara buɗi, Allah ya tsare gaba." Har wanda shekaranjiya ya cika mana kunne da illar caca zai ce shi a rage masa yaji. Daga nan sai fatawa ta ɓarke. Wannan ya ce kuɗin ba a sa su a ciki, amma ana iya sayen data. Wancan ya ce man fetur ba laifi tunda ƙonewa yake yi. Wani ya ce a cire kashi goma a raba wa almajirai, sauran sun wanku. Wani gwani ma cewa ya yi kuɗin kamfanin waɗanda ba Musulmi ba ne, don haka ganima ce. Duk cikin waɗannan muftai ba wanda ya taɓa ɗaukar fatawarsa ya kai gaban liman, don kowa ya san abin da zai jiyo.

Kuma cin shi ne babbar masifar. Wanda bai taɓa ci ba yakan gaji ya bari. Wanda ya taɓa cin Naira 80,000 a dare ɗaya, abin da ya haura mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka amince da shi a 2024, wannan ya kamu. Me za ka faɗa masa? Ya gani da idonsa, ya ji ƙarar alat da kunnensa. Zai mayar musu da ita kaɗan-kaɗan, ya bi ta da tasa, ya bi da ta mutane, kuma in ka tambaye shi lissafi, 80,000 ɗin nan kaɗai yake tunawa.

Ka shiga cikin gida kuma, nan ba a dariya. Matanmu ba su san Napoli ba, ba su san Bayern ba, amma sun san daren Asabar. Wata maƙwabciyarmu mai awara ta ce da uwargidana, "Yaya, ni ban san yadda abin yake ba. Amma in na ga baban yaran nan ya shigo ya ture tuwo ya juya wa mutane baya, na san gobe cefane a kaina yake." Ta kwashi adashi, ya ce ta ara masa zai juya zuwa Litinin. Litinin ɗin ce har yau ba ta zo ba. Wata keken ɗinkinta ne ya tafi gyara bai dawo ba. Masu shaguna sun koyi ƙirga ciniki sau biyu ranar Lahadi da yamma. Yaron POS kuwa jarin maigidansa da manhajar caca a hannu ɗaya suke, tsakaninsu dannawa biyu. Yakan fara da aron dubu biyu da niyyar mayarwa kafin magariba. Ƙarshenta sai a zauren mai unguwa, ana sasanci, uba na rantsuwa cewa ɗansa ko karta bai iya ba. Gaskiya ya faɗa, bai iya kartar ba.

Ai da kartagi sananne ne. Yana da gindin bishiyarsa a bayan kasuwa ko tasha, yana da abokan zamansa, kuma in ya aika neman aure, binciken yini guda ya isa a ba shi haƙuri. Masu cike kupon na ƙwallon Ingila suna can Sabon Gari da takardunsu na lambobi. Yau ka tura a binciko maka manemin 'yarka, za a dawo a ce yaro ne natsattse, ba shaye-shaye, ba yawon dare, kullum yana ɗaki da wayarsa. Ai kuwa yana ɗaki da wayarsa.

In ka matsa wa ɗayanmu, talauci zai kawo maka. Ba na raina wannan uzuri. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san yadda kwanon shinkafa ya koma. Naira 200 ba ta ƙosar da yaro, amma tana sayen mafarkin miliyan har zuwa ƙarfe 10 na dare. Sai dai mu ɗin ne muka zuba kuɗi a MMM ta rufta da su a Disambar 2016, lokacin da fetur bai kai Naira 150 ba. Mu ne muka kwashe watanni a 2024 muna dannan fuskar waya muna haƙar Hamster, malami da ɗalibi, miji da mata, da aka tashi rabo abin da wasu suka samu bai biya kuɗin caji ba. Kamfanin caca bai koya mana son banza ba, tarar da mu ya yi da abinmu.

Kuɗin kuma sun san inda suke zuwa. Bet9ja, SportyBet, BetKing, 1xBet, duk sunayen da yaranmu suka haddace, ba ɗaya da ke da hedikwata a Kano. Shugaban Bet9ja, Kunle Soname, shi ne mai ƙungiyar Remo Stars ta garin Ikenne a jihar Ogun, wadda ta ɗauki kofin gasar Firimiyar Najeriya a 2025. Ɗan Pillars yana nan yana zagin alƙalan wasa, bai taɓa tunanin inda ɗari-ɗarinsa ta kwana ba. Legas tana da hukumarta ta caca, tana ba da lasisi, tana karɓar haraji. Mu asarar ce kasonmu. Kada a ce na ce Kano ta je ta karɓi nata harajin, ban faɗa ba, ba kuma zan faɗa ba. Ghana ma ta gwada yankar kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ya ci a 2023, matasa suka yi ca, abin ya zama zancen yaƙin neman zaɓe, aka soke a 2025. Gwamnatin da ta fara lasar kuɗin caca ba ta cika son a daina ba.

Amma ya kamata mu dubi yadda waɗanda suka riga mu shiga wannan rigima suke fama da ita. Ingila, wadda ƙwallonta muke mutuwa a kai, ta buɗe ƙofa sosai da dokarta ta 2005, ga shi yanzu tana ta ja da baya. A Afrilun 2020 ta hana yin caca da katin bashi na banki. Akwai tsarin da ake kira GamStop, inda mutum zai rubuta sunansa da kansa a toshe shi daga duk manhajojin da ke da lasisi, na wata 6 ko shekara 1 ko shekara 5, ko ya dawo yana magiya ba za a buɗe ba sai wa'adi ya cika. Bankuna da dama suna da wurin da za ka danna asusunka ya daina biyan kamfanin caca. A 2023 ƙungiyoyin Firimiya suka amince su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban riguna bayan kakar 2025/26. A shekarar ce kuma aka dakatar da Ivan Toney wata 8 saboda caca, alhali rigar Brentford da yake sawa sunan kamfanin caca ne ɓaro-ɓaro a ƙirjinta. Munafuncin ba mu kaɗai muka iya shi ba.

Na Amurka ya fi kama da namu. Da kartar intanet ta yi ƙamari, dokar da suka yi a 2006 ba ta bi 'yan wasa gida-gida ba, hanyar kuɗin ta tare, ta ɗora wa bankuna nauyin toshe biyan haramtattun gidajen caca. A Afrilun 2011 hukuma ta ƙwace shafukan manyan kamfanonin karta uku, PokerStars da Full Tilt Poker da Absolute Poker, a rana ɗaya. Sannan a 2018 Kotun Ƙolinsu ta ce cacar wasanni maganar jihohi ce. Fiye da jihohi 30 suka halatta, wasu suka ƙi, cikinsu har da Utah, inda addini ke da ƙarfi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne manhajar kamfani mai lasisi sai ta duba inda wayarka take kafin ta karɓi kuɗinka. Kana ƙetara iyaka ka shiga jihar da ta hana, sai ta ƙi.

Da na kawo wannan a majalisa, na'ibi ya girgiza kai. "Duk wannan tsarin waɗanda suka halatta ne. Mu haram muka ce. Ba a yi wa haram tsari."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai Utah ɗin ma hanawa ta yi. Hanin ne yake da aiki."

A nan nake ganin muke yaudarar kanmu. Mun ɗauka da an faɗa a mumbari, an kuma sa kwaɗo a shago 30, an sauke nauyi. Wanda ya halatta abu ma yana zama ya rubuta wa zai yi, ɗan shekara nawa, ta wace hanya, balle wanda ya ce sam ba za a yi ba. Kotu ta miƙa wa jihohi wuƙa da nama. Jihar da ba ta so tana iya rubuta doka ƙarara da ta ambaci caca ta waya, ta buƙaci duk kamfanin da ke aiki a ƙasar nan ya toshe wayar da ke cikin iyakarta, ta hana talla a alluna da gidajen rediyo da bangon gidajen kallo, ta kuma fayyace matsayin unguwannin da waɗanda ba Musulmi ba suka fi yawa, kada a bar abin ga ra'ayin wanda ya fito samame ranar. Bankuna da kamfanonin sadarwa a hannun tarayya suke, don haka sai an zauna da Babban Banki da hukumar sadarwa ta NCC, kuma gwamnonin da suka yi tarayya a wannan ra'ayi in suka tafi tare za a fi sauraronsu. Kowane asusu yana ɗaure da BVN ko NIN, shekarun mai shi a rubuce suke, to ta yaya ɗan shekara 15 yake loda kuɗi? Da asusun yayansa ko na mahaifiyarsa yake yi, kuma wannan aikinmu ne na cikin gida, ba na gwamna ba.

Na san yaran da suka iya waya za su samo hanyar zagayewa, akwai manhajojin ɓoye inda mutum yake. Wasu za su yi. Amma yawancin masu loda ɗari biyar bayan sallar isha ba gwanayen kwamfuta ba ne, sauƙi ne ya ja su. Ka mayar da abin mai wahala, da yawa za su haƙura, yadda kunyar shiga shago take mayar da mutane a da. Wanda kuma ya riga ya kamu yana buƙatar inda zai je ya faɗi damuwarsa ba tare da an yi masa tambarin ɗan iska ba, tun abin bai kai ga sayar da gado ko kwanciya a asibitin Dawanau ba. Yanzu ɗan Kanon da wani kamfani ya riƙe wa kuɗi, ko ɗan damfara ya sayar masa da wasan bogi, ba shi da inda zai kai kuka. Ya je Hisba ya tona kansa? Ya faɗa wa babansa? Sai dai ya haɗiye, ya sake lodawa don ya rama.

Abin da ke hana mu wannan aiki, a ganina, shi ne sai mun fara amsa cewa 'ya'yanmu ne, ƙannenmu ne, wani lokacin ma mu ne. Rufe shago yana da daɗi, don mai shago baƙo ne ko ɗan wani layin. Wayar kuwa a ɗakin ɗanka take, kai ka saya masa da ya gama sakandare.

Su 'yan majalisar tarayya ba su yi barci ba. A 2025 sun sake taso da wani ƙudiri na mayar da cacar intanet ƙarƙashin Abuja, Legas ta ce wannan raina hukuncin kotu ne. Su can rigimarsu a kan wa zai karɓi kuɗin ce. Tamu daban ce, kuma ba wanda zai yi mana ita.

Don haka, jama'ar layinmu da na layin da ke bayanmu, ɗan majalisar jiha da ke wakiltarku yana zuwa ɗaurin aure, yana zuwa ta'aziyya. In ya zo, bayan an shafa fatiha, kafin a fara miƙa masa takardun neman taimako, wani ya daure ya tambaye shi abin da majalisarsu ta yi da ikon da kotu ta ba ta tun Nuwamban 2024, da kuma ko abin da suka yi ya kai ga waya. Ranar da kuma yaron layi ya ce a soya wa kowa Indomie alhali kun san ba ya sana'ar fari balle ta baƙi, ku ce kun ƙoshi, sannan babba a cikinku ya ja shi gefe.